Bant: Taushin Hannu a Wasan Masu Ƙarfi

A watan Satumban 2013, a filin Fenway Park da ke Boston, Robinson Canó na ƙungiyar New York Yankees ya shigo bugu, ya tarar 'yan Red Sox sun yi masa abin da suka saba yi wa irinsa. Masu tsaron cikin fili sun kwashe sun koma dama, inda lissafinsu ya nuna can yake yawan aika ƙwallo. Wajen tasha ta uku kuwa fayau, ba kowa. Mai jifa ya saki ƙwallo. Maimakon Canó ya kai mata duka, sai ya gitta sandarsa, ya tura ta can inda aka watse aka bari. Ta yi ta gangarawa ba mai tara. Kafin wani ya cim mata, Canó ya wuce tashar farko, yana tsaye a ta biyu. Abin da wani ba ya samu sai ya daki katanga da ƙwallo, shi ya same shi da ƙwallon da ko tashi sama ba ta yi ba.

Wannan turin shi ake kira bant a wasan besbol. Ga wanda bai saba kallon wasan ba, tashoshi huɗu ne a kusurwoyin murabba'i, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90, wato mita 27 da ɗoriya. Mai bugu yana tashar gida, mai jifa yana kan ɗan tudu a gabansa, nisan mita 18 da kusan rabi. In mutum ya bugi ƙwallo sai ya sheƙa tashar farko, wadda ke hannun dama. Ƙwallo ta riga shi isa hannun mai tsaron tashar, ya fita. Aka cafe ta a sama, ya fita. Ya yi kuskure uku a gaban mai jifa, nan ma ya fita. Wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Da mutum uku sun fita sai a yi musanya, haka har zango tara. Fita 27 ke nan kowace ƙungiya take da ita a wasa, kuma ita ce jarinta.

Masu tsaro tara ne: mai jifa, mai cafa, huɗu a cikin fili, uku can baya a ciyawa. Fiye da shekara ɗari, huɗun da ke cikin fili suna tsayawa biyu a dama, biyu a hagu. Amma al'ada ce kawai, a lokacin babu dokar da ta ce sai haka.

Wanda aka fi tunawa da karya al'adar shi ne Lou Boudreau, koci kuma ɗan wasan Cleveland. Ranar 14 ga Yulin 1946 suka yi wasa biyu a jere da Boston. A na farko Ted Williams ya tsallakar da ƙwallo katanga har sau uku, shi kaɗai ya kawo maki 8, Boston ta ci 11 da 10. A wasa na biyu Boudreau ya ga ba sarki sai Allah, ya tattara mutanensa ya jibge su a dama, ya bar mutum ɗaya tak a duk ɓangaren hagu. Williams bahago ne a bugu, kuma bahago mai ƙarfi yakan ja ƙwallo zuwa dama, musamman wadda ta bi ƙasa. Boudreau cewa yake yi a fakaice: ga rabin fili nan kyauta, ɗauki tasha ɗaya ka ƙyale mu.

Williams ya ƙi tayin. Mutumin da a 1941 ya sami bugu mai kyau 406 cikin kowane 1,000, abin da har yau ba wanda ya sake kaiwa 400 a manyan gasannin Amurka biyu, bai ga dalilin da zai sa ya canza hannu saboda wani ya canza wurin tsayuwa ba. Sau da yawa sai ya rafka ƙwallon cikin taron haka nan. Amma ba kullum ba. Ranar 13 ga Satumban shekarar, a Cleveland, ya aika ƙwallo hagu inda ba kowa, ya zagaye tashoshi huɗu da gudu kafin a dawo da ita, aka tashi 1 da 0, Boston ta lashe gasar ɓangarenta karon farko tun 1918. Da aka zo wasannin ƙarshe na World Series, St. Louis Cardinals su ma suka karkata masa, a wasa na uku sai ya yi bant ya isa tashar farko lafiya lau. Abin ya zama kanun jarida. Mutum ya tura ƙwallo 'yan mitoci, amma saboda wanda ya tura, har ya zama labari.

Daga nan dabarar karkata ta zama ta jefi-jefi, sai ga wani gagarabadau ake fito da ita. Kwamfuta ce ta farfaɗo da ita. Joe Maddon, da ya karɓi Tampa Bay a 2006, ya riƙa jera masu tsaronsa bisa taswirar inda kowane mai bugu ke aika ƙwallo, sauran ƙungiyoyi suka bi sahu. A 2015 aka kafa na'urorin Statcast a duk filayen babbar gasar, kowace ƙwallo aka san saurinta da inda ta sauka. Zuwa 2022, kusan ɗaya cikin uku na duk shigowa bugu da karkata ake tarbarsa, ga bahagwai kuma abin ya haura rabi. A shekarar matsakaicin bugu mai kyau ya faɗi zuwa 243 cikin 1,000, mafi ƙanƙanta tun 1968. Ba karkata kaɗai ta jawo haka ba, masu jifa ma sun ƙara wuta, amma ita ce ido ke gani. Bahago ya yi bugu mai kyau wanda a da ba mai tare shi, sai ga wani tsaye cikin ciyawar dama yana jira, ya ɗauka ya jefa tashar farko hankali kwance.

'Yan kallo kuwa magana ɗaya ce a bakinsu: to ka yi bant mana! Ga fili nan a buɗe!

A baki da sauƙi. Ƙwallon besbol tauri gare ta, nauyinta kusan giram 145, kuma matsakaicin jifa mai sauri a yau yana kai kilomita 150 a awa. Tsakanin barinta hannun mai jifa da isowarta, kimanin kashi huɗu cikin goma na sakan ne. Sandar kuma zagayayya ce, kaurinta bai kai santimita 7 ba. Ana so mutum ya tari abu zagayayye da abu zagayayye, ya kashe masa gudu, ya kwantar da shi ƙasa, ya kuma zaɓa masa hanya. Fuskarsa tana nan dab da inda za su haɗu.

Gwanin bant daga ƙafa yake farawa. Yakan ɗan matso gaba a wurin tsayuwarsa, don in ƙwallo ta bar sanda ta fi samun damar faɗawa cikin layi. Ba ya nuna niyyarsa da wuri. Yana tsaye kamar zai yi duka har sai hannun mai jifa ya taho, sannan hannunsa na sama ya zame zuwa tsakiyar sanda. A nan akwai riƙo na musamman: ba a dunƙule sandar, ana ɗora ta ne tsakanin babban yatsa da manuni, yatsun duk suna ɓoye a bayanta. Wanda ya zagaye ta da yatsu ya miƙa su ga ƙwallo ke nan. Hannun ƙasa shi ne sitiyari. Ɗan jansa ko ɗan turinsa shi ke yanke ko ƙwallo ta bi layin tasha ta uku ko ta koma wa mai jifa.

Kan sandar kullum yana sama da hannuwa, kuma tun farko ana ajiye ta daidai saman iyakar jifa mai kyau. Hikimar ita ce duk ƙwallon da ta zo sama da sanda ba ta bugu ba ce, sai a janye a bar ta ta wuce. Wadda ta zo ƙasa kuma ba a binta da hannu, gwiwa ake lanƙwasawa, jiki duka ya sauka da sandar, ido yana kusa da ita. Da an saki kan sanda ya sunkuya, ƙwallo za ta tashi sama, mai cafa ya cafe abarsa ba gumi. So ake sanda ta sami rabin ƙwallo na sama, ta danne ta ƙasa.

Sai abin da koyarwa ba ta cika bayarwa ba, wato taushin hannu. Masu horarwa sukan ce kada ka bugi ƙwallo, cafe ta za ka yi da sanda. Duk wanda ya ga ɗan ƙwallon ƙafa ya tari doguwar ƙwallo da ƙirji, ya ɗan ja baya ta faɗo a gaban ƙafarsa, ya san abin da ake nufi. Gwiwar hannu a sake, sanda ta ɗan ba da kai lokacin haɗuwa, kuma in ana son ƙwallo ta mutu sosai sai a tare ta da can wajen ƙarshen sanda inda ba ta da tsalle.

Bant ɗin da ake yi wa masu karkata yana da nasa sharaɗi, ya sha bamban da na sadaukarwa. A na sadaukarwa mai bugu ya yarda ya fita don abokinsa ya matsa gaba, saboda haka ya kwantar da ƙwallo kusa ma ya wadatar. A nan kuwa shi kansa yake son tsira, kuma abokin hamayyarsa mutum ɗaya ne, mai jifa, sai ko mai cafa in ƙwallo ta mutu a kusa. Tausasawa da yawa kuskure ne. Ana son ta fita da ɗan ƙarfi, ta wuce inda mai jifa zai iya kaiwa, ta bi kusa da layi. In ma za a yi kuskure, gara ta fita layi a sake jifa da a miƙa wa mai jifa ita a hannu. Gwani har hannun mai jifa yake dubawa: na-dama in ya saki ƙwallo jikinsa yakan rinjaya wajen tashar farko, ya ƙara nisa da inda za a tura, bahagon mai jifa kuwa wajen tasha ta uku yake faɗawa, kusan kan hanyar ƙwallon. Bahagon mai bugu yana da ribar taku ɗaya ko biyu, don ya fi kusa da tashar farko, sakan huɗu da 'yan kai ya isa. Amma ribar nan tana da tarko: wanda ya fara gudu kafin ya ga ƙwallo ta sauka, kansa ya motsa, idonsa ya bar ta, shi ke nan ta lalace.

Matt Carpenter na St. Louis ya nuna yadda abin yake in komai ya zauna daidai. A Yunin 2019, a wasa da Miami, ya tura ƙwallo hagu da ɗan ƙarfi, sai ga mai jifa shi kaɗai yana bin ta a guje har cikin ciyawa, shi kuwa Carpenter ya zarce tasha ta biyu. Carlos Peña, wanda ya yi suna a Tampa Bay da tsallakar da ƙwallo katanga, shi ma an san shi da wannan sata lokaci-lokaci.

To in abin yana ci haka, me ya hana kowa yi? Da farko dai yawancinsu ba su iya ba, kuma ba laifinsu ba ne kacokan. Yaron da ya tashi yana da ƙarfin bugu, tun yana makaranta ba kocin da zai ce masa ya yi bant. Sannan zamanin lissafi ya zo ya rage wa bant daraja gaba ɗaya. Littafin Moneyball na Michael Lewis, da ya fito a 2003 kan ƙungiyar Oakland, ya yayata ra'ayin cewa ba da fita ɗaya kyauta don a matsa tasha ɗaya asara ce, kuma a mafi yawan lokuta alƙaluma sun goyi bayan haka. Sai dai tsanar da aka yi wa bant na sadaukarwa ta shafi ɗan'uwansa da bai ci ba bai sha ba. Sana'ar da irin su Rod Carew da Brett Butler suka ci abinci da ita ta zama abin da ake taɓawa sau biyu a atisaye a wuce. Ga shi kuma injin atisaye ba ya jifa da mugunta. Mai jifa na gaske da ya ga an gitta sanda, sama zai ɗaga ƙwallo, kusa da jiki, inda bant ya fi wuya. Ko a hannun ƙwararru, kusan rabin yunƙurin bant ne kawai ke sauka cikin fili.

Akwai kuma haɗari na zahiri. A ƙarshen Satumban 2021 Brandon Belt na San Francisco Giants yana cikin shekararsa mafi kyau, ya tsallakar da 29, ƙungiyarsa tana kan hanyar cin wasa 107. Ya gitta sanda zai yi bant a wasa da Colorado, ƙwallo ta same shi a babban yatsa ta karya. Wasannin fitar da gwani a benci ya kalle su. Doka ma ba ta ɗaga wa mai bant ƙafa: wanda ke da kuskure biyu, in ya yi duka ƙwallo ta fita layi ba komai, amma in bant ya yi ta fita layi, ya fita ke nan. Kyle Schwarber na Philadelphia ya ɗanɗana wannan a wasa na shida na World Series ta 2022. Shi ne ya tsallakar da ƙwallo a wasan tun farko, amma a zango na takwas, ana bin su 4 da 1, yana da kuskure biyu, ya gwada bant ta fita layi. A daren Houston ta ɗauki kofi. Shi ya sa a zamanin karkata ƙungiyoyi da yawa sukan bar mutum ɗaya kusa da tasha ta uku har sai mai bugu ya yi kuskure biyu, sannan su janye shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Williams: ai abin da suke so ke nan. In mai ƙarfin bugu irin David Ortiz ya karɓi tasha ɗaya, ya ajiye makaminsa da hannunsa, ga shi ba mai gudu ba, sai an ƙara bugu biyu kafin ya dawo gida. Akwai gaskiya a ciki, musamman in mutum biyu sun riga sun fita kuma ba kowa a tasha. Amma ni a ganina an yi wa hujjar nan riƙon da ya wuce ƙima. Williams ɗin da kansa shi ke riƙe da tarihin yawan isa tasha a tsawon rayuwar wasa, 482 cikin 1,000. Duk wanda bant ɗinsa ke ci rabi da rabi ya zarce wannan ke nan. In kuma shi ne ya buɗe zango, isarsa tashar farko tana ɗaga makin da ake sa ran ci daga kusan rabi zuwa dab da ɗaya. In ana bin ku da maki uku a zango na tara, tsallakar da ƙwallo kai kaɗai ba ta biya bashi, mutane ake nema a tasha. Gwanintar ba a hannu kaɗai take ba, har da sanin lokacin da tasha ɗaya ta yi tsada.

Ribar da ta fi girma ma ba a ganinta a ranar. Masu karkata da alƙaluma suke aiki, alƙaluma kuwa ba su da girman kai. Ka yi musu bant sau uku, sau huɗu ya ci, takardar da ke aljihun mai tsaro za ta canza, a dawo da mutum ɗaya hagu. Da ya dawo, ramin da ka saba bi a dama ya buɗe. Mai bant ciniki yake yi: yana karɓar ƙaramin abu yau don a sakar masa babban gobe. Abin da yake bukata shi ne su yarda zai iya, kuma ba za su yarda ba sai sun gani.

Wani abin dariya shi ne yadda masu karkatar kan fusata in an karɓi kyautar da suka miƙa. Ranar 1 ga Afrilun 2018 Minnesota tana gaban Baltimore 7 da 0 a zango na tara, mai jifanta José Berríos bugu ɗaya tak aka samu a kansa duk wasan. Duk da haka suka karkata wa wani matashin Baltimore, Chance Sisco. Yaro ya duba hagu ya ga ba kowa, ya yi bant ya isa. Bayan wasa Brian Dozier na Minnesota da wasu abokansa suka yi ta ƙorafi wai ba a haka a irin wannan lokaci. In wasa ya ƙare a wurinku, me ya sa kuka karkata? In bai ƙare ba, don me shi zai daina nema?

Hukumar gasar ba ta jira masu bugu su warware matsalar da hannunsu ba. Daga kakar 2023 doka ta ce dole mutum biyu su tsaya kowane gefe na tasha ta biyu, kuma su huɗun duka ƙafafunsu su kasance a kan ƙasar cikin fili lokacin jifa. A shekarar matsakaicin bugu ya ɗan farfaɗo zuwa 248. Na fahimci dalilinsu, wasan ya ƙara armashi, amma na so a ce an bari mun ga ƙarshen cinikin. Ba a rufe ƙofar duka ba dai: har yanzu akan tura mutum ɗaya dab da tasha ta biyu, na tasha ta uku ya matso tsakiya, layin hagu ya ɗan buɗe. Ramin ya ragu, saboda haka hannun da zai bi ta cikinsa sai ya fi na da kyau.

Mako biyu kafin dokar ta fara aiki, aka yi wani wasa da ba ta shafa ba. Ranar 16 ga Maris 2023, a Tokyo Dome, Japan ta haɗu da Italiya a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na gasar duniya, World Baseball Classic. Japan ƙasa ce da bant bai taɓa zubar da mutunci ba. Tun a gasar 'yan sakandare ta Koshien ake gogar yara a kansa, kuma ɗan ƙasar ne, Masahiro Kawai, ke riƙe da tarihin bant na sadaukarwa, guda 533. A zango na uku ba wanda ya ci maki, mutum ɗaya ya fita, Kensuke Kondo yana tashar farko, Shohei Ohtani ya shigo. Shi ne mai jifan Japan a daren, kuma shi ne mutumin da ya tsallakar da 46 a Amurka a 2021. Italiya, ƙarƙashin koci Mike Piazza, ta kwashe ta koma dama. Jifan farko Ohtani ya gitta sanda ya tura hagu. Mai jifa ya rugo ya ɗauka a gaggauce, ya yi jifan da ya kauce, Kondo ya zarce tasha ta uku. Masataka Yoshida ya shigo da shi gida, aka ba Munetaka Murakami tasha, sannan Kazuma Okamoto ya tsallakar da ƙwallo katanga ya kwaso uku. Maki huɗu a zango ɗaya, aka tashi wasa 9 da 3.